Kotunan dattawa da cunkoson gidajen yari: me bincike ya nuna game da 'yan asalin Ostireliya, Kanada da Niyu Zilan?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a tsangayar shari'a, ina rubutu a kan mutanen da Turawa suka tarar a ƙasashen da suka mamaye suka zauna, wato Aborijin na Ostireliya, Maori na Niyu Zilan da ƙabilun asali na Kanada. Na karanta cewa an buɗe musu kotuna inda dattawansu ke zama tare da alƙali, kuma wai bincike ya nuna abin yana aiki. Amma kuma na ga yawansu a gidajen yari sai ƙaruwa yake yi. Wasu na cewa sassaucin ne ya jawo haka. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Abubuwa biyun da kika karanta duk gaskiya ne, kuma ba su ci karo da juna ba. Kotunan dattawa suna da amfani, sai dai amfanin bai kai yadda masu yabonsu ke faɗa ba, kuma a ƙarshen hanya suke zaune, bayan ɗan sanda ya kama, an hana beli, mutum ya riga ya yi makonni ko watanni a tsare. Abin da ke cika gidajen yarin yana faruwa ne tun kafin a iso gaban dattawa, da kuma bayan an sallami mutum ya koma gida. Zancen cewa sassauci ne ya jawo kuwa, alƙaluma ba su goyi bayansa ba, kuma zan zo kansa.

Ga girman abin tukuna. A Ostireliya, Aborijin da mutanen tsibiran Torres ba su cika kashi 4 cikin 100 na jama'a ba, amma su ne kashi ɗaya bisa uku na manyan da ke kurkuku, har sun ɗan haura. A gidajen tsare yara sun kai wajen kashi 60. A Kanada 'yan asali kusan kashi 5 ne, amma sun kai kashi 32 na fursunonin gidajen yarin tarayya, a ɓangaren mata kuma sun kai rabi a 2022. Maori ba su kai kashi ɗaya bisa biyar na mutanen Niyu Zilan ba, amma fiye da rabin fursunonin ƙasar su ne.

Ostireliya ta san da wannan tun da daɗewa. A 1987 gwamnati ta kafa babban kwamitin bincike a kan Aborijin da ke mutuwa a hannun hukuma. Kwamitin ya bi diddigin mutuwar mutum 99 tsakanin 1980 da 1989, ya miƙa rahoto a 1991 da shawarwari 339. Abin da ya gano ya ba mutane da yawa mamaki: Ba'aborijinen da ke tsare bai fi Baturen da ke tsare haɗarin mutuwa ba. Abin da ya sa suke mutuwa da yawa shi ne ana tsare su da yawa. Don haka kwamitin ya ce ɗauri ya zama matakin ƙarshe, kuma a daina ɗaukar maye a bainar jama'a a matsayin laifi. A lokacin rahoton, Aborijin kusan kashi 14 ne na fursunoni. Yau kason ya ninka har da ɗoriya. Duk wanda zai yi magana a kan wannan fanni ya kamata ya ajiye waɗannan lambobi biyu a gabansa.

To, kotunan da kika tambaya. Wadda aka fara a Ostireliya ita ce kotun Nunga a Port Adelaide a 1999. A 2002 aka buɗe kotun Koori a Shepparton ta jihar Victoria, da kotun Murri a Brisbane, da kuma zaman da'ira a garin Nowra na jihar New South Wales, wanda aka kwaikwayo daga yankin Yukon na Kanada, inda alƙali Barry Stuart ya yi irinsa a 1992. Ki lura, waɗannan kotuna ba sa aiki da dokar gargajiya. Dokar jiha ce dai, kuma majistare ne ke yanke hukunci. Sai wanda ya amsa laifinsa ko aka riga aka same shi da laifi ake kaiwa, manyan laifuka irin su kisa da fyaɗe ba sa shiga. Abin da ya bambanta shi ne alƙali ya sauko daga kujerarsa ya zauna a da'ira ko a teburi ɗaya da dattawa, da mai laifin, da danginsa, wani lokaci har da wanda aka yi wa laifin. Dattijuwar da ta san kakarsa ce za ta dube shi ta faɗa masa abin da ya jawo wa gidansu. Waɗanda suka bi ta wannan hanya sukan ce ta fi kotun yau da kullum wuya, domin a can lauya ne ke magana, shi kuwa ya sunkuyar da kai na minti biyar a wuce wurin.

Shin hakan yana rage komawa ga laifi? Nan ne aikin yake, kuma ina so ki bi ni a hankali, domin duk rubutunki a kan wannan zai tsaya. Idan aka ce miki waɗanda suka je gaban dattawa sun rage aikata laifi bayan zaman, wannan kaɗai ba hujja ba ce. Galibin mutane ana kama su ne a lokacin da rayuwarsu ta fi rikicewa, daga baya abin yakan lafa ko an yi musu wani abu ko ba a yi ba. Ga kuma shekaru, mutum yana girma yana rage rawar kai. Tambayar da ake bukata ita ce: da wannan mutumin bai je ba, me zai faru da shi? Tun da ba a iya raba mutum biyu, sai a nemo masu kama da shi a shekaru, da nau'in laifi, da yawan laifukan baya, waɗanda suka bi ta kotun yau da kullum, a gwada.

Hukumar ƙididdigar laifuka ta New South Wales, wadda ake kira BOCSAR, ta yi wannan gwaji sau biyu. A 2008 Jacqueline Fitzgerald ta duba zaman da'ira ta ga babu bambanci: ba a rage yawan laifi ba, ba a jinkirta shi ba, ba a rage muninsa ba. Wannan sakamako ya ɓata wa mutane rai ƙwarai. A 2020 Steve Yeong da Elizabeth Moore suka sake dubawa da bayanan shekaru masu yawa, suka samu wani abu daban. A cikin kowane mutum 100, an samu ragin kusan mutum 9 da aka tura kurkuku, da ragin kusan mutum 4 da suka sake laifi cikin shekara guda, waɗanda suka sake ɗin kuma sun ɗauki ƙarin kwana 55 kafin su sake. Amma su masu binciken da kansu suka ja kunne cewa ba za su iya rantsewa zaman da'irar ne ya jawo ba. Dalili a fili yake. Wanda ya yarda ya fuskanci dattawan garinsu, kuma dattawan suka yarda su karɓe shi, wataƙila dama ya fara gajiya da wannan rayuwa, kuma babu wani shafi a kundin 'yan sanda da ake rubuta niyyar zuciya.

Ni karatuna na waɗannan binciken biyu shi ne: kotun dattawa tana tura mutane kurkuku ƙasa da yadda kotun yau da kullum ke yi, kuma jama'a ba su ƙara shiga haɗari saboda haka ba. Wannan kaɗai ya isa a ci gaba da ita. Akwai ma abin da ba a aunawa da yawan kamu, wato mutum ya fahimci abin da aka yanke masa da dalilin yankewa, dattawa kuma su dawo da ƙimarsu a idon matasa bayan shekarun da hukuma ta yi tana ƙwace 'ya'yansu. Amma mutum 4 cikin 100, a tsarin da ke karɓar mutane ƙalilan a shekara, ba zai motsa alƙaluman ƙasa ba. Kamar mai share ruwa a tsakar gida ne alhali indararo na zuba.

Akwai wani gwaji da nake so kowane ɗalibi ya sani. Daga 1995 zuwa 2000, Lawrence Sherman da Heather Strang sun gudanar da gwajin zaman sulhu a Canberra, babban birnin ƙasar. Sun yi shi yadda ake gwajin magani: ƙuri'a ce ke raba wanda zai je kotu da wanda zai zauna da wanda ya zalunta a yi sulhu, don haka matsalar niyyar zuciya ba ta taso ba. A laifukan duka da faɗa na matasa, sulhun ya rage komawa ga laifi, waɗanda aka zalunta kuma sun fi samun gamsuwa. Amma da aka ware Aborijin da ke cikin gwajin aka duba su kaɗai, sai aka ga akasin haka, waɗanda aka kai zaman sulhu sun fi sake laifi. Adadinsu kaɗan ne, don haka ba a gina babban hukunci a kai. Sai dai ki duba wanda ke jagorantar zaman: ɗan sanda ne. Ga yaron da ya taso yana jin labarin yadda 'yan sanda suka zo suka ɗauke kakarsa daga hannun uwarta, zama a gaban ɗan sanda ana neman ya ji kunya wani abu ne daban da abin da yaron Bature ke ji. Tsari ɗaya, gari ɗaya, sakamako biyu. Saboda haka idan jami'i ya ce “an tabbatar wannan shiri yana aiki”, tambayar farko ita ce a kan su wa aka tabbatar.

Kotun Ƙolin Kanada ta yi wannan tambaya a shari'ar Ewert a 2018. Hukumar gidajen yarin tarayya tana amfani da wasu ma'aunai na hasashen wanda zai sake laifi, kuma makin da fursuna ya samu yana shafar irin gidan yarin da za a ajiye shi da lokacin da za a sake shi bisa sharaɗi. An gina ma'aunan ne galibi a kan fursunonin da ba 'yan asali ba. Wani fursuna ɗan al'ummar Métis, ɗaya daga cikin al'ummomin asali na Kanada, ya yi shekaru yana ƙorafi, kotun kuma ta ce hukumar ta saɓa wa dokarta da ta ci gaba da aiki da su ba tare da ta bincika ko suna faɗin gaskiya a kan 'yan asali ba. Ma'aunin da ke ƙirga yawan kamun baya, a garin da motar 'yan sanda ke zagaye unguwa ɗaya dare da rana, yana auna halin mutum ne haɗe da halin 'yan sanda.

Kanada ce ma ta fi kowa nisa a gyaran dokar yanke hukunci, kuma darasinta mai ɗaci ne. A 1996 ta ƙara sashe na 718.2(e) a kundin laifuka, wanda ya umurci alƙali ya duba duk wani hukuncin da ba ɗauri ba, musamman idan mai laifin ɗan asali ne. A shari'ar Gladue ta 1999 Kotun Ƙoli ta ce wajibi ne alƙali ya yi la'akari da tarihin da ya kawo mutum gabansa, irin su makarantun kwana da aka tura yara kusan 150,000 aka raba su da iyaye da harshensu, da talauci, da ƙwace ƙasa. A shari'ar Ipeelee ta 2012 ta sake nanatawa, domin ta ga alƙalai ba sa bi. A lokacin Gladue 'yan asali kusan kashi 12 ne na fursunonin tarayya. Kin ga inda suke yanzu. Rahoton tarihin mai laifi da ake rubuta wa alƙali bai samu a kowane lardi daidai ba. Inda ya samu, sau da yawa babu wurin da alƙali zai tura mutum in ba kurkuku ba, domin ƙauyen ba shi da cibiyar jinyar shaye-shaye ko mai sa ido. A daidai wannan lokaci kuma majalisa ta yi ta ƙara laifukan da aka ƙayyade musu mafi ƙarancin ɗauri, wanda ya ɗaure hannun alƙali, sai a 2022 aka soke wasu daga ciki. Ostireliya ba ta ma kai nan ba. A shari'ar Bugmy ta 2013 babbar kotunta ta yarda cewa illar tasowa cikin tsananin rashi ba ta gushewa da shekaru, amma ta ƙi ɗaukar tafarkin Kanada.

Niyu Zilan zan wuce ta da sauri, da abu ɗaya da zai amfane ki. Tana da taron dangi na yara masu laifi tun dokar 1989, da kotunan Rangatahi da alƙali Heemi Taumaunu ya fara a Gisborne a 2008, waɗanda ke zama a dandalin taron gargajiya na Maori. Tsakanin 2018 da 2022 yawan fursunonin ƙasar ya sauko daga wajen 10,800 zuwa ƙasa da 8,000. Maori da yawa sun koma gidajensu, amma kasonsu a cikin waɗanda suka rage bai sauko ƙasa da rabi ba. Wanda ke ƙirga mutane zai ce an ci nasara, wanda ke ƙirga kaso zai ce ba a yi komai ba. Ki bayyana wanne kike aunawa a duk inda kika kawo lamba.

Yanzu ga inda ruwan ke shigowa. Na farko beli. A gidajen tsare yara na Ostireliya, fiye da kashi 70 na waɗanda ke kwana a ciki ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi. Mai karatu a Najeriya ba baƙo ba ne ga wannan, tun da masu jiran shari'a su ne suka fi yawa a gidajen gyaran halinmu. Ana hana mutum beli don ba shi da tsayayyen adireshi, ko a ba shi da sharuɗɗan da ba za su cika ba: kada ka fita bayan ƙarfe kaza, ka kwana a gida kaza, alhali gidan mutum 15 ne a ciki kuma ana shaye-shaye har asuba. Yaro ya fita don ya tsira, an kama shi da saɓa sharaɗi, sabon laifi ya hau kan tsoho. Jihar Victoria ta tsaurara dokar belinta a 2018, bayan wani mutum da ke kan beli ya bi ta kan jama'a da mota a Melbourne a 2017. Dokar an yi ta ne don masu haɗari, amma waɗanda ta fi kamawa su ne mata matalauta masu ƙananan laifuka. A Janairun 2020 wata Ba'aborijiniya ta mutu a gidan yarin mata tana jiran shari'a a kan zargin sata a kanti, bayan ta yi ta kiran neman taimako cikin dare. Alƙalin binciken musabbabin mutuwa ya ce a 2023 dokar belin bala'i ce tsantsa. Aka sassauta ta, sannan a 2025 aka sake tsaurarawa.

Sai tara. A jihar Ostireliya ta Yamma, a da wanda ya kasa biyan tara yakan biya da kwanaki a tsare. A Agustan 2014 wata matashiya mai shekara 22 ta mutu a hannun 'yan sandan South Hedland, an tsare ta a kan tarar da ba ta kai dala 4,000 ta Ostireliya ba. Tana da karayar haƙarƙari da ta ruɓe ta shiga jini, an kai ta asibiti sau biyu ana mayar da ita, ana ganin kamar ƙarya take yi. Sai a 2020 jihar ta gyara dokar. Jihar Victoria kuwa ba ta cire maye a bainar jama'a daga jerin laifuka ba sai a Nuwamban 2023, shekara 32 bayan shawarar kwamitin 1991, shi ma bayan wata mata ta mutu sakamakon faɗuwa a ɗakin tsarewar 'yan sanda. Abin da ke ci mini rai a nan shi ne babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake bukatar sabon bincike. An sani, an rubuta, an ajiye.

Ga wani ƙaramin gyara mai araha. Tun 2000, a New South Wales, idan 'yan sanda suka kama Ba'aborijine dole su buga wa lauyan hukumar ba da agajin shari'a ta Aborijin waya, dare ko rana, lauyan ya yi magana da shi, ya tambaye shi lafiyarsa. An yi shekara 16 ba a samu Ba'aborijinen da ya mutu a ɗakin tsarewar 'yan sandan jihar ba. Mutuwar da ta katse wannan a 2016 ta wata mata ce da aka tsare don maye ba tare da an tuhume ta ba, kuma dokar ba ta wajabta kiran waya a irin wannan hali ba, daga baya aka faɗaɗa ta. Ba a yi gwajin ƙuri'a a kan wannan ba, amma idan abu yana da arha, ba ya cutar da kowa, kuma alamu sun nuna yana ceton rai, ba a jiran cikakkiyar hujja.

Ki kuma duba su wane ne ake tsarewa. A 2018 masu bincike ƙarƙashin Carol Bower sun wallafa sakamakon gwajin yara 99 a gidan tsare yara na Banksia Hill da ke Perth, mafi yawansu Aborijin. Kashi 89 suna da aƙalla naƙasa ɗaya mai tsanani a aikin ƙwaƙwalwa, kashi 36 kuma suna da lahanin da jariri ke samu idan uwa ta sha giya tana da ciki, kuma kusan dukansu ba a taɓa gano hakan ba sai a lokacin. Wani binciken a gidajen yarin Darwin da Alice Springs ya samu fiye da kashi 90 na fursunoni Aborijin ba sa ji sosai, galibi daga ciwon kunne na ƙuruciya. Mutumin da bai ji abin da majistare ya ce ba, ga Turanci harshensa na biyu ko na uku, zai ce “e” don a rabu da shi, gobe a ce ya saɓa umurnin kotu. Ana kashe sama da dala miliyan 1 ta Ostireliya a shekara a kan kowane yaro ɗaya da ke tsare, kuɗin da zai ɗauki likitan kunne da malaman makaranta.

Wannan lissafi ne ya haifi aikin Maranguka a garin Bourke, can yammacin New South Wales a bakin kogin Darling. A 2013 garin yana kan gaba a jihar a laifuka da dama. Shugabannin Aborijin, ƙarƙashin jagorancin Alistair Ferguson, suka nemi hukumomi su ba su alƙaluman garinsu: su wa ake kamawa, a kan me, da wane lokaci. Suka ga tuƙi ba lasisi da saɓa sharaɗin beli suna cikin manyan ƙofofin shiga kurkuku. A gari mai nisa da babu motar haya, ga wahalar samun takardar haihuwa da mai koya maka tuƙi, kowa tuƙi yake yi ba lasisi. Sai suka kafa shirin koyar da tuƙi, suka shirya zama da 'yan sanda kowace safiya a duba wanda ya shiga matsala jiya da wanda zai je ya same shi, 'yan sanda kuma suka fara komawa gidajen da aka yi dukan mata tare da ma'aikacin al'umma. Kamfanin binciken kuɗi na KPMG ya gwada 2017 da 2016 ya ba da rahoto a 2018: rahoton dukan iyali ya ragu da kashi 23, tuhume-tuhumen yara a laifukan da suka fi yawa da kashi 38, kwanakin da manya suka yi a tsare da kashi 42, an kuma ƙiyasta amfanin da dala miliyan 3.1 a kan kuɗin gudanarwa na dala 600,000. A 2022 gwamnatin tarayya ta ware dala miliyan 69 don irin wannan aiki a wurare har 30. Ina ganin Bourke ta fi kowane misali nuna hanyar da ta dace, amma ki kawo lambobinta da taka-tsantsan. Shekara ɗaya aka gwada da shekara ɗaya, a ƙaramin gari, ba tare da wani garin da aka ajiye a gefe don kwatance ba. A irin wannan wuri, iyali biyu su bar gari ko a canza shugaban 'yan sanda, lambobi su juya. Abin da za a kwaikwaya daga Bourke shi ne yadda mutanen gari suka riƙe alƙalumansu suka zaɓi abin da za a fara da shi. Wani garin matsalarsa ba lasisi ba ce.

Yanzu masu cewa sassauci ne. Akwai gaskiya ɗaya a bakinsu da bai kamata a kauce mata ba. Yawancin waɗanda ake yi wa waɗannan laifuka 'yan asali ne su ma. Matan Aborijin ana kwantar da su a asibiti saboda dukan iyali fiye da sauran mata sau 30 ko sama da haka. Duk manufar da ta manta da su ba adalci ba ce, kuma akwai mazan da dole a raba su da jama'a. Amma ko ɗauri yana gyara mutum? A 2021 Damon Petrich da abokan aikinsa sun tattara bincike 116 suka ga ɗauri ba ya rage komawa ga laifi idan aka gwada shi da hukuncin da ba na tsarewa ba, wani lokaci ma yana ɗan ƙara shi. Shirin kai yara kurkuku su ga fursunoni don su tsorata, an gwada shi da ƙuri'a sau da yawa a Amurka, yaran da aka kai sun fi shiga laifi. A Ostireliya kusan uku cikin huɗu na fursunoni Aborijin sun taɓa zaman kurkuku a baya. Don Weatherburn, wanda ya daɗe yana shugabantar BOCSAR kuma ba a san shi da sassauci ba, ya nuna cewa rage masu komawa kurkuku ya fi rage cunkoso a kan rage sababbin shiga da kaso iri ɗaya. Wato wurin kwana, da aikin yi, da jinyar shaye-shaye a makonnin farko bayan saki. Shekarun da yawan fursunoni Aborijin ya ninka kuma su ne shekarun da aka yi ta tsaurara beli da tsawaita ɗauri.

Matan da kansu sun nuna abin da suke so. A 2007 matan garin Fitzroy Crossing da ke Ostireliya ta Yamma, June Oscar da Emily Carter a gaba, suka nemi a hana sayar da giya mai ƙarfi ta tafi-da-gidanka a garinsu, suka sha zagi daga wasu 'yan'uwansu, suka dage. Binciken jami'ar Notre Dame ya ga masu zuwa asibiti da raunin maye sun ragu, munin duka ya ragu, amma rahoton dukan iyali ga 'yan sanda ya ƙaru, domin mata sun samu ƙarfin kai ƙara. Wanda ya kalli kundin 'yan sanda kaɗai zai ce shirin ya lalata gari. A 2007 ɗin ne kuma gwamnatin tarayya ta ƙaƙaba wa al'ummomin Aborijin 73 na Yankin Arewa na Ostireliya dokokinta daga sama, ciki da hana giya, har da dakatar da dokar hana wariyar launin fata don ta samu dama. Da wa'adin hana giyar ya ƙare a Yulin 2022 ba tare da shiri ba, faɗace-faɗace suka ƙaru a Alice Springs, aka dawo da hanin a farkon 2023. Rage giya yana rage duka, wannan ya tabbata. Amma shekara 15 na doka daga sama ba su bar wa garuruwan wani tsari nasu da zai tsaya idan dokar ta ɗaga ba.

A 2020 gwamnatocin Ostireliya da ƙungiyoyin Aborijin sun sa hannu a yarjejeniyar rage yawan manya a kurkuku da kashi 15, na yara da kashi 30, kafin 2031. Rahotannin hukumar da ke bibiya sun nuna na manya hawa yake yi. Jihar Queensland ta rufe kotunan Murri a 2012 don tsimin kuɗi, ta sake buɗewa a 2016. Yankin Arewa ya ɗaga shekarun da za a iya tuhumar yaro daga 10 zuwa 12 a 2023, sabuwar gwamnati ta mayar da su 10 a 2024, alhali kwamitin kare haƙƙin yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba da shawarar 14 tun 2019. Shekara guda ba ta isa a auna komai ba, kuma ba a jira an auna ba.

Don haka, Malama, idan kin zo rubutawa, ki zaɓi jiha ɗaya, Victoria ko New South Wales, ki jera shekarun da aka canza dokar beli da ta tara a gefe ɗaya, yawan masu jiran shari'a a ɗaya gefen, sannan ki sa adadin waɗanda suka bi ta kotun dattawa a kowace shekara kusa da adadin duk Aborijin da aka gurfanar. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa da BOCSAR suna wallafa irin waɗannan alƙaluma kyauta a intanet. Allah ya ba da sa'a.